Martani Kan Zargin da Aka Yi wa Masoyan Golf 3: Hujja Daga Tashoshin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Wani marubuci mai sharhi kan harkokin sufuri ya gabatar da ra'ayin cewa ƙorafin da masoyan motar Volkswagen Golf suke yi a duk lokacin da kamfanin ya sake mata fasali ba shi da wani tushe illa kewar abin da ido ya saba gani, kuma a cikin wannan hukunci ya haɗa matasan Turai masu kukan an ɓata musu siffar mota da direbobin haya na kudancin Jihar Katsina waɗanda suka ƙi rabuwa da Golf 3, yana mai cewa ciwo ɗaya ke damunsu duka, wato tsoron sabon abu. Ya kafa ra'ayinsa a kan hujjoji uku: cewa kowane sabon zubi ya fi wanda ya gabace shi kare rayukan fasinjoji, cewa ya fi shi tsimin mai, da kuma cewa tarihi ya sha ƙaryata masu ƙorafi, domin motar da suka zaga jiya ita suke yabo yau. Hujjojin nan ba ƙarya ba ne a kan kansu, sai dai hukuncin da aka ɗora a kansu ya fi ƙarfinsu, musamman idan aka kai shi Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda mota ƙarama take ɗauke da kasuwa da jinya da biki na ƙauyuka masu yawa.

Kafin a shiga jayayya ya kamata a fayyace abin da ake nufi da sake fasali, domin kalmar ta ƙunshi abu biyu da marubucin bai rarrabe ba. Na farko shi ne kwaskwarima, wato a sauya fitilu da bamba da kayan cikin mota alhali ƙashin ginin yana nan yadda yake. Na biyu shi ne sabon zubi, wato a sake gangar jiki da inji da tsarin lantarki gaba ɗaya, a bar suna kaɗai. Golf ta ratsa zubi takwas tun da ta fito a 1974 da zanen Giorgetto Giugiaro ɗan ƙasar Italiya: na biyu a 1983, na uku a 1991, na huɗu a 1997, na biyar a 2003, na shida a 2008, na bakwai a 2012, na takwas a 2019. A tsawon wannan tafiya motar da ta fara da tsawon kimanin mita 3.7 ta kai kusan mita 4.3, nauyinta ya ƙaru da ɗaruruwan kilo, kayan lantarkinta kuma sun ninka sau da yawa. Saboda haka wanda ya ce Golf 3 da Golf 8 mota ɗaya ce da aka yi ta gyarawa ya bi suna ne kawai, domin a wurin bakanike motoci ne biyu da ba su haɗa komai ba sai tambarin da ke gaba.

Kuskuren marubucin na farko shi ne haɗa mai sha'awar mota da mai cin abinci da mota. Mai sha'awa yana auna mota da kyan gani da ƙarar salansa da daɗin da hannu ke ji a kan giya, kuma irinsa ne suka yi ta guna-guni a Turai da Amurka lokacin da kamfanin ya daina fitar da Golf GTI mai giyar hannu a kwaskwarimar 2024. Direban da ke lodi daga Ƙanƙara zuwa Malumfashi, ko daga Sabuwa zuwa Ɗandume da Funtuwa, shi ma yana son motarsa har ya yi mata ado ya rubuta mata karin magana a gilashin baya, amma idan aka tambaye shi dalilin da ya sa bai koma sabon zubi ba, ba ya kawo zancen siffa. Abin da ake ji a bakin direbobi da 'yan kamasho shi ne cewa sabuwar ba ta jure wahala, wayoyi sun yi mata yawa, ba kowane bakanike ke iya taɓa ta ba, kuma kayanta sai an aika birni. Waɗannan maganganu huɗu da'awa ce a kan ƙarfe da kuɗi da lokaci, wadda ake iya gwadawa a gane gaskiyarta ko ƙaryarta, kuma marubucin bai gwada ko ɗaya daga cikinsu ba kafin ya sa musu sunan kewa.

Tambayar da ta kamata ya fara yi ita ce: don wa aka sake fasalin? Injiniyoyin Wolfsburg, garin da hedikwatar kamfanin take a Jamus, suna zana mota ne domin ta tsallake dokokin Tarayyar Turai, waɗanda suka fara da ma'aunin hayaƙi na Euro 1 a 1992 suka kai Euro 6 a 2014, kowane mataki yana rage yawan gubar da aka yarda ta fita daga salansa. Don cimma wannan aka ƙanƙanta inji aka haɗa masa tabo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji da ƙarfin hayaƙinsa, aka koma fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai tsanani, aka kuma yawaita na'urorin awo da ke aika bayani ga ƙwaƙwalwar mota. Duk wannan tsari an gina shi ne a kan man da sinadarin sulfa da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, wanda shi ne ƙa'idar Turai tun 2009, alhali ƙasashen ECOWAS sai a 2020 suka amince da ƙa'idar kashi 50 cikin miliyan. Ba a manta ba kuma da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi Nijeriya a Fabrairun 2022, wanda ya lalata injinan motoci a manyan birane. Idan haka ta faru a gidajen mai na Legas da Abuja, to direban da wani lokaci ba shi da zaɓi sai man 'yan bumburutu a bakin hanya yana da hujjar fifita inji mai bawul takwas na Golf 3, wanda ke haƙuri da man da ba shi da tsafta, a kan injin da ƙazanta kaɗan ke toshe masa injekta.

Abu na biyu shi ne hanya da kaya. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙasar noma ce, ta masara da dawa da waken suya da auduga, kuma ban da babban titin Funtuwa zuwa Gusau da ya ratsa Sheme da 'Yankara, da wasu 'yan hanyoyin kwalta da ke haɗa manyan garuruwa, yawancin hanyoyin da ke shiga ƙauyuka burji ne da gargada, waɗanda ruwan damina ke yankewa. Golf 3, musamman mai dogon baya da aka fara ƙerawa a 1993, tana da sandar ƙarfe guda ɗaya da ta haɗa tayoyin baya, tsari mai sauƙi wanda mai walda na gari yake iya ƙarfafawa, a kuma sa masa sifirin mai tauri don ya ɗauki buhu. Daga zubi na biyar kamfanin ya koma tsari mai hannuwa da yawa a kowace taya, wanda ya fi daɗin tafiya da riƙe kwana a kan titi mai santsi, amma yana da robobi da mahaɗai masu yawa da gargada ke cinyewa ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne, a zubi na bakwai da na takwas kamfanin da kansa ya mayar da tsohon tsarin sanda guda ga nau'o'in da ke da ƙaramin inji, saboda ya fi arha kuma ya fi sauƙi, wanda ke nuna cewa ko a wurin masu ƙera motar ba kowane sabon abu ne ci gaba a kowane hali ba.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne cewa mota ba ta aiki ita kaɗai. Tana aiki ne a cikin wani tsari da ya haɗa bakanike da mai gyaran waya da mai faci da mai sayar da kayan gyara, kuma darajarta a wuri tana daidai da ƙarfin wannan tsari a wurin. An shafe shekaru ana shigo da Golf 3 ta hannu daga Turai, akasari ta tashar Kwatano, har ta kai ga kayanta sun cika kasuwannin Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, sun gangaro shagunan Funtuwa da Malumfashi, yaran gareji kuma sun koyi sana'a a kanta tun suna miƙa sifana. Motar da aka fi sabawa da ita ana gane ciwonta da kunne, a gyara ta a gindin bishiya kafin la'asar. Sabon zubi kuwa sai an jona masa kwamfutar bincike kafin ya faɗi abin da ke damunsa, makullinsa sai an haɗa shi da ƙwaƙwalwar motar, akwatin giyarsa mai sarrafa kansa, wanda ake kira DSG, yana da nasa mai na musamman da tasa ƙwaƙwalwa, kuma idan ɗaya daga cikin waɗannan ya tsaya sai dai a ja motar zuwa birni.

A yankin da ake magana a kai, lalacewar mota a hanya ta wuce asarar kuɗin yini. Ƙanƙara ce garin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati a Disambar 2020, Faskari tana iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma tana iyaka da dajin Birnin Gwari, kuma direbobi sun daɗe suna tsara tafiyarsu ta yadda magariba ba za ta same su a wasu wurare ba. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya ta umarce su da su zagaya ta Funtuwa, ta hana sayar da fetur a jarka, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 da suka haɗa da waɗannan uku. A irin wannan yanayi tambayar direba ita ce ko zai iya tayar da motarsa da filaya da guntun waya idan ta mutu a tsakanin gari da gari. Yana da kyau marubucin ya kwatanta wannan da ɗaya daga cikin abubuwan da Golf 8 ke taƙama da su, wato na'urar da ke kiran jami'an agaji da kanta idan an yi haɗari, wadda Tarayyar Turai ta wajabta a sababbin nau'o'in motoci tun 2018, kuma wadda matsalar manhajarta ta sa kamfanin ya dakatar da miƙa Golf 8 ga masu saye na ɗan lokaci a Mayun 2020. Na'ura ce mai ceton rai a inda akwai layin waya da motar asibiti mai jiran kira. A hanyar da aka katse wa sadarwa kuwa, ƙarin abin da zai iya lalacewa ne kawai.

Hujjar tsimin mai ita ce ta fi kama da gaskiya, ganin cewa bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a 2024. Sai dai lissafin direba ba ya tsayawa a kan mai. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motar ba, suna kai balas ne, wato kuɗin da aka yanka musu su riƙa bai wa mai mota kullum ko kowane mako, kuma abin da ya rage bayan balas da mai da kuɗin tasha shi ne na cefane. A lokacin da fetur ya yi tsada ne kuma naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500, wanda ya ninka farashin kowace mota da kowane ƙarfe da ake shigowa da shi, bayan tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Motar da ta rage shan mai da wani kaso amma farashinta ya ninka na tsohuwar sau da dama, kuma gyaranta ɗaya ke cinye cinikin makonni tare da kwanakin da za ta yi a ajiye tana jiran kaya, ba ta yi wa mai ita tsimi ba. Marubucin ya lissafa abin da ke shiga tanki ya bar abin da ke fita daga aljihu a gareji.

Dangane da tarihi, marubucin ya kawo misalin Beetle, tsohuwar motar kamfanin wadda aka taɓa haɗawa a Legas tun 1975, yana cewa masoyanta sun ƙi Golf da farko, amma Golf ce ta ceci kamfanin har aka sayar da fiye da miliyan 37. Wannan gaskiya ne, amma rabin labarin ne. Kamfanin da ya daina dogaro da Beetle a Turai bai daina ƙera ta a Puebla ta ƙasar Meziko ba sai a 2003, saboda a can akwai masu tasi da talakawa da ita ce daidai da su. Haka kuma lokacin da Golf 2 ta fito da girma da tsada, reshen kamfanin na Afirka ta Kudu ya ci gaba da ƙera zubin farko da sunan Citi Golf daga 1984 har zuwa 2009, ya sayar da fiye da 370,000, kuma da ya dakatar da ita sai ya maye gurbinta da Polo Vivo a 2010, wadda ita ma tsohon zubin Polo ce da aka riƙe aka rage mata farashi. A gida ma, Fijo 504 da aka daina ƙerawa a Faransa a 1983 an ci gaba da haɗa ta a masana'antar Kaduna fiye da shekara 20 bayan haka. Shugabannin waɗannan kamfanoni ba kewa ce ta motsa su ba. Sun duba kasuwa ne suka ga cewa tsohon zubi ya fi dacewa da hanya da aljihu da garejin wasu ƙasashe, wato daidai abin da direban Faskari yake faɗa ba tare da ya karanta rahoton kowa ba.

Hatta masu sha'awar mota na Turai, waɗanda marubucin ya fi yi wa ba'a, ba koyaushe suke kuskure ba. Da Golf 8 ta fito, an cire yawancin maɓallan da hannu ke dannawa aka mayar da aikinsu kan allo da wasu wurare da ake shafawa da yatsa, har da na ƙara sanyi da na ƙara murya, waɗanda ba su da haske da dare. Masu ƙorafi sun ce wannan yana tilasta wa direba ɗauke ido daga hanya, aka ce musu tsofaffin yayi ne. A 2022 shugaban sashen Volkswagen, Thomas Schäfer, ya sanar da cewa za a dawo da maɓallan dannawa a kan sitiyari, kwaskwarimar 2024 ta dawo da su ta kuma sa wa wuraren shafawar haske, sannan hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada ƙarfin motoci a haɗari tana ba su taurari, ta bayyana cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko muhimman ayyuka irin su sigina da hon da waifa suna da maɓallan hannu. Ƙorafin da aka kira kewa ya zama gyara a masana'anta da ƙa'ida a wurin masu gwaji.

Saura hujjar kare rai, kuma a nan adalci ya wajabta a ba marubucin abin da yake nasa. Golf 3 mota ce da aka zana kafin Euro NCAP ta fara aiki a 1997, da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a arewa ba su da jakar iska mai aiki, tsatsa da walda sun raunana jikinsu, kuma mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara 25. Idan aka ƙara da lodin da ake yi mata, mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, wasu a but tare da kaya, haɗarinta ba ya yin kyau, kuma babu mai hankalin da zai kare wannan. Amma ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, lodin wuce kima ba daga zubin mota yake ba, daga ƙarancin motoci da talaucin fasinja da tsadar mai yake, kuma duk motar da aka kawo tasha a wannan hali haka za a cika ta, alhali jakar iska da bel an yi su ne don mutum ɗaya a kujera ɗaya. Na biyu, sabon zubin da ke isowa wannan yanki ba sabo ba ne daga masana'anta. Mota ce da ta gama rayuwarta a Turai ko Amurka, wani lokaci bayan haɗari, fitilun gargaɗinta suna kunne babu mai iya kashe su. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Kwatanta Golf 3 ta tasha da Golf 8 ta ɗakin baje koli kwatanci ne da babu direban da aka taɓa ba shi zaɓinsa.

Daga wannan duka abin da ya fito fili shi ne cewa matsalar da ke gaban yankin ta fi wadda marubucin ya hango girma. Golf 3 tana ƙarewa, domin babu inda ake ƙera ta, kuma kayan gyaranta na hannu suna raguwa yayin da ake narkar da tsofaffin motoci a Turai, saboda haka ko direbobi sun so ko sun ƙi za su rabu da ita cikin 'yan shekaru. Abin da bai bayyana ba shi ne abin da zai gaje ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ƙorafin direbobi, idan aka saurare shi da kyau, jerin sharuɗɗa ne na motar da ake bukata: mai tsayi daga ƙasa, mai giyar hannu, mai injin da ke haƙuri da man da ake samu, mai ƙarancin wayoyi, mai kayan gyara a kusa, tare da jiki mai ƙarfi da birki na zamani waɗanda tsohuwar ba ta da su. Masana'antun da ke haɗa motoci a Kaduna da Nnewi, da hukumar NADDC mai tsara manufofin ƙera motoci a Nijeriya, suna da misalin Afirka ta Kudu a gabansu, inda aka riƙe zubi mai sauƙi aka inganta shi maimakon a jira ragowar wasu.

Akwai kuma aikin da ya rataya a kan gwamnatin jiha da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin kanikawa, wato horar da matasan gareji a kan lantarkin mota da samar musu da kwamfutocin bincike a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, domin ranar da bakaniken gari ya iya gyara sabon zubi cikin yini ɗaya a kan farashin da direba zai iya biya, direban zai saye shi ba tare da an yi masa wa'azi ba, kamar yadda magabatansa suka bar Fijo suka kama Golf lokacin da lissafi ya nuna musu haka. Marubucin da ke son ganin sababbin motoci a tashoshin kudancin Katsina zai fi amfanar jama'a idan ya karkata alƙalaminsa ga hanya da mai da horo da tsaro, waɗanda su ne suka yanke hukuncin motar da za ta iya rayuwa a can.